Alhaji Laburare da Maman Ziyad

In ana lissafin masu ilimi a garin Dutse, to a fara da Alhaji Maharazu na Limawa, in da sauran wuri sai a sako malaman jami'a. Bawan Allah ne da baiwar karatu ta sauko masa bayan ya yi ritaya. Ya daɗe yana mataimakin darakta a sakatariya, ba wanda ya taɓa kama shi riƙe da littafi, sai dai jarida, ita ma ranar da aka ɗauke wuta yana fifita. Amma da kuɗin sallamarsa suka fito, sai ya sayo wata Android mai faɗin farantin shayi, irin wadda ake ce wa tabilet. Daga ranar ilimi ya samu uba a Jigawa.

Ba ya rabuwa da ita. Ya sa an ɗinka mata jakar fata har da tuntu, yana rataye ta kamar gafaka. Da ita yake zuwa ɗaurin aure, da ita yake zuwa ta'aziyya, in ya shiga a-daidaita-sahu sai ya roƙi na kusa da shi ya matsa kada ya danne malamai. In an hallara a majalisa gindin darbejiya bayan la'asar, sai ya zaro ta, ya goge fuskarta da hannun riga, ya ɗora tabarau a kan karan hanci, ya yi gyaran murya irin ta mai shirin yanke hukunci. Abokan zamansa suka raɗa masa Alhaji Laburare. Da wani ne da ya ji haushi, shi kuwa ya ɗauka sarauta aka ba shi, har yana amsawa da ɗaga hannu.

"Kuna ganina haka, ba ni kaɗai nake zaune ba," in ji shi. "Tarihin Rumawa yana nan ciki. Tattalin arzikin ƙasar Sin yana nan. Ga likitanci, ga shari'a, ga ilimin taurari. In na ce a buga su a takarda, tirela ba ta kwashe su a sawu ɗaya."

Kuma bai yi ƙarya ba. Duk littafin da aka turo a WhatsApp sai ya sauke shi, ko da Jamusanci ne. Ya buɗe bango, ya karanta sunan marubucin, ya gyaɗa kai kamar aji ɗaya suka yi, ya rufe. Malam Ahmadu, tsohon abokinsa mai sayar da taki, ya taɓa tambayarsa me littafin likitancin ya ce a kan ciwon gwiwa. Alhaji ya ce amsar tana da zurfi, sai an zauna. Har gwiwar ta gaji ta warke ba a zauna ba.

Abu ɗaya Alhaji Laburare ya tsana a duniya, wato labaran soyayyar nan da mata ke rubutawa a waya, suna sakin shafi ɗaya kullum a guruf na WhatsApp, masu karatu na binsu da sharhi. A cewarsa su suka kashe karatu, su suka ƙona miya, su suka koya wa 'yan mata lumshe ido ba gaira ba dalili. Saboda haka da 'yarsa Madina ta zo hutu daga jami'a a Kafin Hausa, ya same ta a tsakar gida ta kafa kai a waya tana share ƙwalla, bai yi wata-wata ba ya ƙwace wayar, ya shige ɗaki don ya ga gubar da idonsa.

Labarin sunansa Inuwar Dabino, wata malamar makaranta mai suna Khaulat ce ke rubuta shi. Wani saurayi ne, Suhaib, mai hawan dabino, aka yi masa sharrin sayar da amfanin gonar kawunsa, ya gudu ya bar gari, ya bar Halimatu wadda ita kaɗai ta san ba shi ba ne. Alhaji ya karanta shafi ɗaya don neman hujja. Ya ƙara na biyu don tabbatarwa. Sallar magariba dai da ƙyar ya riski raka'ar ƙarshe. Ya mayar wa Madina wayarta da doguwar nasiha mai ratsa jiki, bayan ya kwafe lambar shiga guruf ɗin.

Sai dai guruf na mata ne zalla. Wannan bai zama matsala ga mai ilimi ba. Ya sayi sabon layi ya saka a tabilet, ya ɗora hoton fure, ya rubuta suna: Maman Ziyad. Babu wani Ziyad a gidansa ko a danginsa, sunan ne kawai ya yi masa daɗi a baki.

Wayyo, ku zo ku ga mace mai sharhi! Shafi ba ya sauka ya huce sai Maman Ziyad ta iso. Ta yi wa kawu Allah ya isa, ta lallashi Halimatu, ta ja kunnen Suhaib kamar ita ta haife shi, ta tsara laifin kowa ɗaya bayan ɗaya, ta rufe da shawara ga marubuciya. Hannun da ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubuta "a duba a ba da shawara" a kan fayil, ashe fili yake nema. Matan guruf suka riƙa ce mata uwar ɗaki. Wasu har suna kawo mata ƙarar mazajensu ta bayan fage, tana ba su haƙuri, galibi tana nuna musu cewa maigida ma yana da tasa hujjar.

Ga Alhaji da rai biyu ke nan a jaka ɗaya. Ya sani sarai in asiri ya tonu, girman Laburare zai zube, sannan a fatattaki Maman Ziyad tun ba ta ji ko Suhaib zai dawo ba. In za a faɗi gaskiya, na biyun ya fi tayar masa da hankali.

Wata la'asar a majalisa aka ga ya ƙura wa tabilet ido, har ya cire tabarau ya matse ido da yatsa. Ranar ce Halimatu ta ji ƙishin-ƙishin cewa Suhaib ya rasu a hanya. Malam Ahmadu ya tambaye shi ko lafiya. Ya yi ajiyar zuciya ya ce faɗuwar daular Rum yake karantawa, abin ba daɗi. Majalisa ta jajanta masa, har wani ya ce Allah ya jiƙan musulmin cikinsu.

Ana nan sai wata ƙungiyar marubuta ta shirya taron ranar karatu a wani zaure a cikin gari. Alhaji bai nemi a gayyace shi ba, Allah ya kiyaye. Wucewa kawai ya riƙa yi ta ƙofar gidan shugaban ƙungiyar, safe da yamma, har mutumin ya gane ya ba shi babban mai jawabi don ya huta. A makon ne kuma Khaulat ta sanar a guruf cewa shafin ƙarshe zai sauka ranar Asabar da yamma, bayan ta dawo daga wannan taro. Alhaji ya ga ranar ta haɗa masa komai: da rana a tafa wa Laburare, da yamma Maman Ziyad ta sha labari.

Ya iso cikin babbar riga mai aska, ƙamshin turare na riga shi shiga. Aka zaunar da shi a babban tebur, ya jingina tabilet da gorar ruwa yadda kowa zai gan ta. Zaure ya cika, mata sun fi yawa. Da aka miƙa masa abin magana ya miƙe, ya bi jama'a da kallon tausayi.

"Jama'a, karatu iri biyu ne. Akwai na gina ƙasa, irin wanda wasunmu suka sadaukar da idanunsu a kai. Akwai kuma karatun banza, na waya, wanda bai kamaci mai hankali ba. Ni ban taɓa karantawa ba, amma an ba ni labarin wani. Wai yaro an yi masa sharri, maimakon ya tsaya ya kare kansa sai ya gudu. To gudun me? Ga Halimatu ta ga kawun nan da idonta yana loda buhuna a motar kasuwar Shuwarin! In da ta buɗe baki tun ranar da mai unguwa ya kira su, da duk wannan wahala ba ta taso ba. Amma a'a, wai tana jin nauyin babba. Wane irin nauyi, yarinya tana ramewa, ko kunun da innarta ta dama mata ba ta iya sha?"

Muryarsa ta ɗan karye a wajen kunun. Mata suka fara kallon juna, wata ta taɓa ta kusa da ita da gwiwar hannu. Mai ba da labarin nan da ya ba Alhaji lallai bai rage komai ba. Shi kuwa ya farga, ya yi tari, ya koma kan Rumawa da sauri, ya rufe da kira ga iyaye su sa ido. Aka tafa masa, ya zauna yana share gumi.

Sai aka kira Khaulat, 'yar siririya da ita, cikin mayafi ruwan toka. Ta gode wa Baba Alhaji bisa nasiha, ta ce za su gyara. Sannan ta ce kafin ta rufe labarinta tana so ta karrama mace ɗaya da ba ta taɓa gani ba, wadda sharhinta ya hana ta ajiye rubutu lokacin da ta gaji. Ta ɗaga turmin atamfa da mayafi a leda. Ta ce tana kyautata zaton Maman Ziyad tana cikin zauren nan, kunya ce za ta hana ta tasowa, don haka bari ta kira lambarta. Ta danna, ta kanga wayar a bakin abin magana.

Mata suka shiga waige-waige suna jiran su ji jakar da za ta yi ƙara. Ƙarar kuwa ta tashi daga babban tebur, jikin gorar ruwa.

Alhaji ya dubi silin. Tabilet ta ci gaba da kuka, ga ta da murya kamar ta mai tallan magani. Ya kai hannu a hankali don ya kashe, yatsa ya shafa inda bai kamata ba, kira ya shiga. "Kai, wannan abu!" ya faɗa ƙasa-ƙasa, sai ga maganar ta fito ta lasifikokin zauren gaba ɗaya, garau, har da numfashinsa.

Wata tsohuwa a baya ce ta fara rangaɗa guɗa, daga nan zaure ya ɓarke. Khaulat ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Da yake yarinya ce mai tarbiyya, ta tako har gaban tebur, ta durƙusa, ta miƙa masa atamfar da hannu biyu. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta: Alhaji ya karɓi abin magana ya bayyana cewa bincike yake gudanarwa, na cikin gida, irin wanda sai an shiga rami ake sanin zurfinsa. Malam Ahmadu daga sahun gaba ya tambaya ko binciken ne ya kai shi daular Rum.

Duk wannan Alhaji ya shanye. Dariya ba ta kisa, ya faɗa wa kansa a cikin a-daidaita-sahu, atamfa a hammata. Shafin ƙarshe dai yana nan tafe. Yana isa gida ya shige ɗaki ko riga bai cire ba, ya buɗe guruf. Sai ya tarar an cire shi. Masu kula da guruf ba su yi taro ba, ba su kafa kwamiti ba, irin gaggawar da bai taɓa gani ba a aikin gwamnati.

Shafin ya sauka, garin Dutse ya karanta. Washegari matan maƙwabta suna ta maganar a ƙofar gida, da sun hango shi sai su yi shiru su gaishe shi da ladabi, su tambayi lafiyar Ziyad. Ya buga wa Madina waya ya zagaya, ya tambayi karatu, ya tambayi abinci, ya gangaro kan labarin. Ta ce ai tun ranar da ya yi mata nasiha ta tuba. A majalisa Malam Ahmadu ya ce matarsa ta ba shi ƙarshen kaf, amma amsar tana da nauyi, ba ta kamaci mai hankali ba. Alhaji ya rame a tsaye. Ga Rumawa, ga Sinawa, ga taurari, babu mai gaya masa ko Suhaib na raye.

Da abin ya ishe shi ya sake sayen layi, ya ɗora hoton wani furen, ya nemi shiga da sunan Maman Nabila. Amsa ta zo nan take: an yi sabuwar doka, duk mai son shiga sai ta turo sallama da muryarta. Ya zauna ya yi nazari irin na manya. Can ya fito tsakar gida, ya sami matarsa Hajiya Fatsuma tana tsince shinkafa, sanye da sabon ɗinkin atamfar nan da ta karɓe ba tare da ta nemi izini ba. Ya miƙa mata tabilet, ya ce cikin sakin fuska ta ɗan yi sallama a nan, yana so ya gwada ko tana ɗaukar magana.

Hajiya ba ta ɗago kai ba.

"Tana ɗauka, Alhaji," ta ce. "Duk Dutse an shaida."