Akwatin Mai Girma Ya Cika

Ranar Litinin na lura Tanti Lucienne ba ta taɓa shayinta ba har ya huce. Ita ce sakatariyar Mai Girma Darakta a kamfaninmu na nan Garwa, kuma sau huɗu tana aika goron gayyatar taron manya ta imel, sau huɗu yana dawowa da jan rubutu: saƙo bai isa ba.

Mai Girma, Allah ya ƙara masa sanyin ofis, ya riga ya yanke hukunci. In gayyata ba ta shiga akwatinsa kafin Juma'a ba, Tanti ta haɗa kayanta, reshen Mora na jiranta. Macen da ke da 'ya'ya uku a makaranta a nan!

Kada ku tambaye ni me ya hana ta leƙa ta gaya masa da baki, tunda ƙofa ɗaya ce tsakaninsu. Mu kamfanin zamani ne.

Ni ce ƙaramar ma'aikaciya a sashen kwamfuta, irin wadda in ta yi sallama sai an ce "wa ya yi tari?" Na zauna na bi sawun saƙon. Waya lafiya, wuta lafiya, uwar na'urar da ke raba imel tana ta gurnaninta. Ashe akwatin Mai Girma ne ya cika maƙil. Da me? Da saƙonnin taya murna. Kowace shekara aka bar shi a kujerarsa, kowane shugaban sashe sai ya aiko yabo shafi uku, haɗe da hotonsa yana rusunawa. Akwatunan mataimakansa shida ma haka, don su ma junansu suke yi wa.

Na kai wa shugabana Eugène maganar. Ko kallon allon bai yi ba.

"Ƙanwata, tun bara na sani."

"To mu share mana."

"Ki share yabon Patron, ubangidanmu? Da wane hannu? Ni dai nawa ina sonsu duka biyu."

Laraba aka kira mu sama. Na ce wa Mai Girma, "Ranka ya daɗe, akwatinka ne ba wuri. In aka goge ko hamsin..."

"Wanne daga ciki ƙarya ne, da za a goge?"

Mataimaka shida suka shiga nazarin takalmansu. Eugène ya mintsine ni a gwiwar hannu.

Amma ku yaba wa hikima in kun gan ta. Nan take Mai Girma ya kafa kwamiti mai mutum tara don ya tantance yabon da ya fi rauni. Ya umarci Tanti Lucienne ta gayyace su zama, ta imel. Gayyatar ta dawo kafin ta ɗauke yatsa daga madanni, don akwatunan 'yan kwamitin ma a cike suke. Da yamma shugabannin sassa suka aiko saƙon jinjina kan kafa kwamitin. Su ma suka dawo, har wani ya zo yana yi mini faɗa wai na tare masa gaba.

Juma'a da hantsi takardar sauyin wurin aiki ta iso. Ita wannan da hannu aka kawo ta, da sa hannu da hatimi, minti goma daga ofishinsa zuwa teburin Tanti. A kamfaninmu irin wannan saƙon bai taɓa ɓata hanya ba.

Tanti ta karanta, ta ninke ta gida huɗu. Ta kashe kwamfutarta, ta ajiye makullin ofis a kan tebur, ta ɗauki jakarta ta fita.