Rasuwar Hular Kwanona ta Hawan Doki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuyan da har yanzu ba ya juyawa hagu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar hular kwanona ta hawan doki. Ta cika ranar Asabar da hantsi, a gindin shingen filin koyo, tana kan aikinta.

Ga waɗanda ba su san ta ba, marigayiya baƙa ce, marar nauyi, mai 'yan ƙofofin shan iska a goshi. Mun haɗu bayan na aurar da autata. Gida ya yi mini faɗi. In na taso daga kantin maganin da nake aiki, sai in bi ɗaki ɗaki ina gyara abin da yake a gyare. Tun ina yarinya nake son hawan doki, sai na ce in ba yanzu ba, sai yaushe?

Ranar farko na je filin da hular babur ta ƙanena. Malamar da ke koyar da mu ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yaya, wannan ta titi ce. Faɗuwar doki daban take. Je ki a auna kanki."

A shago na nuna wata ja mai ƙyalli. Mai shagon ya ce, "Hajiya, ba ido ke zaɓe ba, kai ne." Ya sa na zagaya igiyar awo bisa girata, sannan ya tambaye ni ko da wannan tulin kitson zan riƙa hawa. Sai da na je aka yi mini ƙananan kitso na dawo. Jar ta zamo mini har hanci. Wata ta matse ni kamar mai bin bashi. Da aka ɗora marigayiya, ta zauna daram. Na girgiza kai hagu da dama, na sunkuya, ba ta motsa ba. Na ɗaure maɗaurin a haɓa, ya ce ƙas. Wannan ce kalmarta ta farko, kuma ita ta riƙa gaishe ni da ita kowane mako.

An shaide ta da haƙuri. Ta sha zufata ba ta taɓa ƙorafi ba. Ta rufa mini asiri ranar da na hau sirdi a tsorace, domin inuwarta ta ɓoye idona. Innata ta taɓa ɗaukarta za ta zuba albasa, ta ce aƙalla ta yi wani amfani, tunda a cewarta mai jika ba ta da harka da likkafa. Marigayiya ba ta riƙe ta a rai ba.

Ba ta yi doguwar jinya ba. Ina kan tsohuwar goɗiyar da ake bai wa 'yan koyo, wadda ko ƙuda ba ta kora da ƙarfi. Mun fara sassarfa ke nan iska ta taso da wata farar leda. Goɗiya ta zabura gefe, ƙafata ta suɓuce, linzami ya bar hannuna. Na ga sama, na ga ƙasa, na ga turken shinge yana zuwa. Kalmarta ta ƙarshe a kunnena ita ce ƙwal.

Likita ya haska idona, ya duba hoton kai, ya ce in gode wa Allah, in kuma gode wa abin da ke kaina. Na koma filin na ɗauko marigayiya. Daga waje ƙarzuwa ce kawai, har na fara murna. Malama ta juya ta, ta janye rufin ciki, ta nuna mini inda soson ya lotsa, da wata tsaga siririya kamar gashi. Ta ce, "Sau ɗaya take karɓar duka, Yaya. Ta karɓa. Ta tafi." Na ce ko za a liƙe? Ta riƙe hannuna ta girgiza kai.

Ta rasu ta bar ni, da takalman hawa guda biyu da ke bayan ƙofa suna kallona, da safar hannu, da goɗiyar da aka ce tana cin ciyawarta kamar ba a yi komai ba. Ta bar maigidana, wanda bai ce in daina ba, bai ce in ci gaba ba, sai dai yana shafa ƙeyata in ya wuce. Ta kuma bar ƙanena, da ya zo gaisuwa yana tambayar gado, wai ai da sauran kyanta.

Tun ranar ban zauna wuri ɗaya ba. A kanti sai in ɗauko magani in mayar, in sake ɗaukowa. Na koma shagon huluna na gwada duk abin da ke kan kanta, mai shagon yana ta haƙuri da ni. Wadda ta dace da kan sai zuciya ta ƙi. Daga baya na ɗauki ɗaya, tana cikin kwalinta a bayan mota, ban buɗe ba. Na tuƙa har ƙofar filin, na ji haniniya, na juya. Ban kai gida ba na sake juyowa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da safe, a bayan barga. Malama za ta yanke maɗaurin da almakashi, don kada wani ya tsince ta ya amince mata da kansa, musamman ƙanena. Ba a karɓar gaisuwar da ta fara da "ai na faɗa miki."

Bayan nan za a ɗaura wa goɗiya sirdi a bar ta a turke. Wanda ya gan ni ina kai-komo a bakin shinge da kwali a hannu, kada ya ce in hau, kada ya ce in haƙura. Ya riƙe mini jakata kawai.