Ranar da Na Tsuke Tumbi

Ko me zan manta a duniya, ba zan manta da safiyar da aka auna mini tumbi a asibitin Gure ba.

Na zauna Kano, na yi fatauci a Njamena da Tarabulus. A Kano tumbi kan sa a miƙo maka kujera. Turawan da na yi wa tafinta kuwa ɓoye nasu suke kamar abin sata. Ni na bi ra'ayin Kanawa. Alfaharina biyu ne: tumbin nan, da kai mai riƙe harsuna biyar.

Ran nan aka kira dattawa awon lafiya, muka je tare da taubashina Bukar. Malamar asibitin, Falmata, 'yar maƙwabcina ce (ni na raɗa mata suna). Ta ce Bukar ya fi ni kilo, amma ƙibarsa a cinya take.

"Baba, kitsen da ya taru a ciki shi muka fi tsoro. Yana wahalar da jijiyoyin jini, har ƙwaƙwalwa ta soma mantuwa."

"Ƙwaƙwalwar wa? Da wane harshe kike son amsa?"

Ta ba ni kalmomi uku in riƙe: rijiya, dabino, raƙumi. Sannan ta sa na tuɓe babbar riga, ta zagaya mini igiyar awo irin ta tela. Nan shaiɗan ya ba ni shawara: na ja numfashi, na tsuke ciki iya ƙarfina.

Abin da ban lissafa ba, shekara talatin ba zariya ke riƙe mini wando ba, tumbin ne. Yana janyewa, wando ya sauka har idon sawu, gaban dattawa cike da benci. (Allah ya saka wa telan da ya tsawaita mini 'yar ciki.)

Falmata ta kafa ido a takarda. "Baba, kalmomin nan uku fa?"

Na laluba Hausa, Barbarci, Faransanci, Larabci, Fillanci. Wayam.

"Raƙumi," na ce, "da... wando?"

Ta ce wataƙila kunya ce kawai, in dawo a sake gwadawa. Bukar ya ce, "A'a, 'yata, rijiyar da dabinon suna can ciki, ya haɗiye su."

Yanzu kullum da safe ina takawa zuwa garka a kwari, na kuma rage tuwo. Zariya kuwa, ƙulli biyu nake mata, don na daina amincewa da tumbi ya riƙe mini komai.