Rasuwar Gwaggo, Lasifikar 'Yan Ƙarƙashin Bene

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, Dogo, mai haɗa kiɗan ƙungiyar 'Yan Ƙarƙashin Bene, yana sanar da 'yan'uwa da masoya rasuwar lasifikarsa, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana tsakiyar aiki. Ba a san shekarunta ba. Da tsufanta ya same ta a bayan shagon mai gyaran rediyo, kaza na kwana a kanta.

Marigayiya ta yi shekara shida a ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin benen gidansu, ɗakin da Dogo bai taɓa miƙewa tsaye a cikinsa ba. Nan ƙungiyar ta fara: shi da kwamfuta a kan bokiti, ƙanwarsa Auta tana amshi, abokinsa Tsinke yana zuba baitocin hip-hop da bargo a ka don kada bango ya maido masa da murya. Tsinke ne ya raɗa mata suna, saboda kowace waƙa aka sa mata sai ta yi gunaguni: "Grrr... bup."

Mai haƙuri ce. Ta sha ruwan sama sau biyu, shayi sau ɗaya, ba ta fasa aiki ba.

Aibinta ɗaya ne. Takardar bakinta a yage take, yatsa uku daga gefe, don haka ba ta fitar da kaurin kiɗa, dukan nan da ake ji a ƙirji. Dogo bai sani ba, don ba shi da wata da zai gwada. Sai ya riƙa ƙara wa kiɗan nauyi, yana ƙarawa, har Gwaggo ta yi ɗan tari, sannan ya ce ya yi. Ranar da aka fara sa waƙarsu a motar haya, madubin direba ya faɗo. Direban ya tsaya, ya ɗaure shi da roba, ya ce a maimaita. Daga tasha waƙar ta shiga shagunan aski, daga nan gidajen rediyo, har masu sharhi suka ce Dogo ya ƙirƙiro sabon salo. Bai musa ba.

Bana wani kamfani ya ɗauke su don su yi kundin waƙoƙi, ya ba su sutudiyo mai lasifika huɗu lafiyayyu. A nan Dogo ya fara jin abin da ya daɗe yana yi wa jama'a. Ya tsorata, ya rage nauyin kiɗan. Auta ta saurara ta ce, "Yaya, wannan ai kiɗan ɗakin jiran likita ne." Suka kwashi kaya suka koma wurin Gwaggo. Ta raka su waƙa tara cikin goma sha ɗaya. A ta goma ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta ce "bup" sau ɗaya. Mai gyara ya duba ta, ya ce, "Ɗana, wannan hutu take so."

Ta bar Dogo, da Auta, da Tsinke, da igiyar wuta mai faci bakwai, da marayun waƙoƙi biyu waɗanda kamfani ke jira ranar Juma'a. Ta kuma bar mahaifiyar Dogo da Auta, tela, wadda ta ce sai yanzu ta san agogon ɗakinta yana ƙara.

Za a yi ban kwana da ita ranar Alhamis da la'asar a inda ta rayu. Ɗakin mutum uku yake ɗauka, saura su jeru a kan bene. Mai gyara ya samo wata irinta sak, sai dai lafiyayya ce, kuma lafiyar ce matsalar. Bayan an ɗauke marigayiya, za a auna yatsa uku daga gefen sabuwar a yanka. In an dace, kundi ya fita Juma'a. In reza ta zarce, babu ta uku a garin.

Sau biyu Dogo yana ɗaukar rezar yana ajiyewa. Mahaifiyarsu ta ce ya bari kawai, ita za ta yi: "Shekara talatin ina yanka yadin mutane, ban taɓa wuce alli ba."