Jawabin bankwanar da na karanta wa shugabanmu

Ko da zan manta komai na shekarun koyarwata a Garwa ta Kamaru, ba zan taɓa mantawa da ranar bankwanar Malam Hamadu ba.

Kafin ranar, ni ne babban maƙiyin ƙirƙirarriyar basira a makarantarmu (IA muke ce mata a nan, da Faransanci). Kowa da yadda ya ɗauke ta. Madam Esta, malamar tarihi da ta fito daga ƙauyukan duwatsu, mace ce mai son taɓa kowane sabon abu. Tana tambayar na'urar, tana gardama da ita, wani lokacin har ta ce mata ƙarya take yi. Malam Hamadu, shugabanmu, Bafulatanin Tignère, bai taɓa yabonta ba, bai taɓa kushe ta ba, shi dama ko ruwan sama ba ya yi wa sharhi. Ni kuwa baki gare ni. Kullum a ɗakin malamai ina shelar cewa duk wanda ya bar waya ta yi masa tunani ya sallama kansa. Gaskiyar magana tsoro nake ji kada a gane ta fi ni iya Faransanci.

Da Malam Hamadu zai yi ritaya, aka ce wa zai yi jawabi. Wasu suka ce Madam Esta. Na miƙe na ce jawabin dattijo ba aikin na'ura ba ne, aikin mai zuciya ne. Aka ba ni.

Kwana huɗu ina zaune da takarda, abin da na samu bai wuce “Jama'a, barkanmu da zuwa” ba. Rana ta biyar na rufe ƙofa, na buɗe wayar. A yi mata adalci, sai da ta tambaye ni wane irin mutum ne Malam Hamadu, kuma mece ce al'adar mutanensa. Na ce mata ba hira na zo yi ba, ta rubuto abin da zai sa mutane hawaye. Ta rubuto. Sau uku na karanta a gaban madubi, amma muryata nake saurare, ban saurari abin da take faɗa ba.

Ranar taro an cika filin makaranta. 'Yan uwansa sun zo daga Tignère da Ngawundere, ga matarsa, ga 'ya'yansa, ga yayansa Modibbo a kujerar gaba da carbi. Shafi biyu na farko sun tafi lafiya lau, har tafi na samu. Sai na shiga na uku da ƙarfina:

“Yanzu muna roƙon Malam Hamadu ya taso, ya kira babban ɗansa da sunansa, ya rungume shi, ya gaya masa a gabanmu irin son da yake yi masa.”

Har na ɗaga hannu ina nuna masa wurin tsayawa.

Wanda bai san Fulani ba, bari in gaya masa. Ɗan fari ko sunansa uba ba ya faɗa. Shekara goma sha ɗaya ina aiki da Malam Hamadu, “yaron nan” kawai nake ji, alhali yaron nan har ya yi furfura. A Garwa aka haife ni, na san wannan tun ban san haruffa ba.

Malam Hamadu ya zuba wa takalminsa ido. Matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska. Babban ɗan ya tashi a hankali ya tafi duba babur ɗinsa, wanda babu abin da ya same shi. Hannuna dai yana sama, na rasa yadda ake sauke shi.

Modibbo ya ajiye carbi. Da Hausa ya yi magana, don kada in ce ban ji ba.

“Yaro, kai ba ɗan Alhaji mai goro ba ne, na bakin kasuwa?”

“Ni ne, Baffa.”

“Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne. Shi ya koya maka wannan?”

Nan na ga hanya biyu ce. Ko in yi shiru a tafi da labari har Tignère cewa mahaifina bai ba ni tarbiyya ba, ko in faɗi gaskiya a gaban Madam Esta. Wallahi sai da na yi tunani, kuma wannan ya fi komai ba ni kunya har yau.

Na ce, “Baffa, ba shi ba ne. Waya ce ta rubuta min.”

Makirfon a kunne yake. Har masu sayar da ƙosai a bakin ƙofa sun ji.

Modibbo ya gyaɗa kai. “To, waya ba ta da uba, ba a ga laifinta ba. Kai da ka karanta fa?”

Madam Esta ce ta zo ta karɓi makirfon daga hannuna, ta yi godiya cikin jimla uku ba takarda, aka yi fatiha. Ba ta taɓa tayar min da maganar ba, sai dai duk ranar da na buɗe baki a ɗakin malamai takan tambaye ni cikin ladabi, “Malam, wannan naka ne?”

Abin da na koya bai da yawa. Na'urar ba ta sauya halin kowa a cikinmu ba. Mai bincike ta ci gaba da bincikenta, mai shiru ya tafi da shirunsa. Ni da nake son jin muryata, shafi uku ta ba ni, na ji ta sosai.