Awon Alhaji Sikeli a Ƙofar Guga

Duk Katsina babu mai kaifin ido irin Alhaji Muttaka, wanda ma'aikatansa ke kira Sikeli idan ya ba da baya. Shi aka ɗora wa auna ko tallafin gwamnati ya amfani waɗanda ambaliya ta rushe wa gidaje. Wasu sai sun shiga lungu sun taka taɓo kafin su gane abu. Alhaji kuwa Allah ya hutar da shi, gilashin mota kawai yake saukewa.

"Ni na ƙirƙiro wannan dabara," in ji shi a wajen taro, yana gyara hannun babbar riga. "Daga bakin talaka nake ɗaukar sakamako, da zafinsa. Turawa ma ba su kai nan ba."

Dabarar kuwa gaisuwa ce.

A Ƙofar Guga motar ta tsaya gaban Talatu mai ƙosai, wadda ɗakinta ya zube tun farkon damina. Ita da jikokinta a kicin ɗin maƙwabciyarta Esther suke kwana. An yi mata alkawarin kwano da siminti, amma ba za a ba ta ba sai rahoton Alhaji ya nuna da sauran aiki.

"Inna, ina kwana? Yaya gida?"

"Lahiya lau, ranka shi daɗe."

"Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Ka ji ko, Bala?" ya ce wa direbansa. "Har gyara ya yi. Ja mu tafi."

Talatu ta juya ɗauko tabarma, domin kowa ya san ba a kai kuka a tsaye, sai baƙo ya zauna ya sha ruwa. Tana waiwayowa ta ga hayaƙin mota.

Haka gwanin namu ya gaishe da unguwa kaf, bai sami mara lafiya ko ɗaya ba. Ya ce nasara ɗari bisa ɗari, a rufe shirin.

Ranar bikin rufewa aka kwana ana ruwa. Alhaji ya ce a bi ta Ƙofar Guga, jama'a su ga wanda ya cece su. Wani kwalbati da ya auna ta gilashi ya rufta, motar ta kafa hanci. Ya fito zai ba da umarni, taɓo ya riƙe shi har cinya, da farar shadda da komai. Samari suka fara naɗe wando za su ciro shi.

Talatu ta matso bakin ramin. "Ranka shi daɗe, ina kwana? Yaya hanya?"

"Lafiya lau," bakin Alhaji ya amsa tun kafin ya shawarce shi.

"Madalla. Samari, ku warware naɗin wandonku, ya ce lahiya lau."

Ta shimfiɗa tabarmar nan, Esther ta miƙa masa ruwa a moɗa. Talatu ta zauna, ta gyara mayafi.

"Tunda yau ka tsaya, Alhaji, bari mu ƙarasa gaisuwar rannan."