Rasuwar Basha, Madubin Shagon Madam Suhair

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fargabar abin da ke tafe, Madam Suhair Shalabi, mai shagon rigunan biki a unguwar Bahari ta Iskandariya, tana sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar babban madubin shagonta, wanda aka fi sani da Basha. Ya rasu ranar Litinin da hantsi, a tsaye a bakin aikinsa, bayan doguwar jinya.

Marigayin ya zo shagon tun zamanin mahaifiyarta. Bai taɓa tsayawa cak kamar sauran madubai ba, kullum kansa a ɗan kishingiɗe yake ta baya. Duk macen da ta tsaya gabansa sai ta ga ta ƙara tsawo, ƙugu ya shige, wuya ya miƙe. In mai jiki ce ta shigo, Madam Suhair kan ɗan tura shi da ɗan yatsan ƙafa ta ƙarƙashin labule, shi kuma ya ce ƙiiƙ, ya ƙara kishingiɗa. Iya maganar da aka san shi da ita ke nan. Madam Suhair ta rantse bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, yana dai da kawaici.

A cikin masoyansa babu kamar Ummu Tamir, matar Hajji Metwalli mai ginin da shagon yake. Shekara da shekaru Hajji yana son ya tashi shagon ya bai wa mai sayar da wayoyi, ita kuma kullum amsarta ɗaya ce: "Ka taɓa shagon Suhair, Hajji, ka nemi inda za ka riƙa cin abinci. Nan kaɗai aka iya ɗinka rigar da ta san jikina." Madubin gidanta kuwa ta daɗe da yanke masa hukunci, ta ce gilashin banza ne, mai baƙin ciki. Madam Suhair ba ta taɓa musa mata ba.

Iskar teku ce ta kama shi. Gishiri ya shiga ta bayansa, baƙaƙen ɗigo suka fara fitowa daga gefe. Aka rufe su da furannin roba. Suka hau sama, aka rataya mayafi. A hankali suka riƙa matsowa tsakiya, inda fuska take tsayawa. Wata amarya ta ga baƙin tabo a goshinta ta ƙwalla ƙara, uwarta ta ja ta waje tana tofe ta da addu'a, ba su dawo ba. Tun daga ranar nan, abinci ya daina yi wa Madam Suhair daɗi.

Ranar Litinin Ummu Tamir ta zo gwajin rigar bikin ɗanta. Tana fitowa daga bayan labule, Madam Suhair ta tura marigayin. Ya ce ƙiiƙ. Ta dubi rigar, ta dubi mai rigar, ta sake turawa. Ya ce ƙiiƙ, da ƙyar. Ta sake. Sai ya ce tsas, ya tsage daga sama har ƙasa, ya zube kafin Ummu Tamir ta ɗago kai.

Ya rasu ya bar abokiyar zamansa, fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke shafe tabon fuska. Da 'yan tsana biyu marasa kai da ke tsaye a taga, bayansu cike da allurai don riga ta kama jiki. Da gajeriyar kujerar da ake zaunar da mazaje don su kasa tashi da wuri. Dukansu babu mai iya riƙe shagon.

Za a naɗe gutsattsarinsa a farin yadi, a kai su teku gobe Laraba bayan azahar. Zaman makoki ranar Alhamis a shagon, za a sha gahawa ba sukari.

Madam Suhair tana kuma miƙa godiya ga Hajji Metwalli, wanda ya shigo ta'aziyya ya daɗe yana kallon ƙafar marigayin, ya yi murmushi, ya ce shi zai ba da gudummawar magajinsa. Ya aiko da sabon madubi da kafinta da ma'aunin bango. An kafe shi da ƙusa, a miƙe sak, an ɗora masa farar fitila a ka. Madam Suhair ta tura shi da ƙafa. Bai ce komai ba.

An lulluɓe shi da baƙin ƙyalle saboda makoki. Ummu Tamir ta aiko cewa za ta zo ranar Alhamis bayan la'asar, ta yi ta'aziyya, ta yaye ƙyallen da hannunta, ta ga rigarta.

Ana roƙon masu zuwa gaisuwa su zo kafin la'asar.